Takardar da Ya Rubuta Bai Tambaye Ni Ba

Masu karatu, na ga saƙonninku. Masu cewa na cika taurin kai na gani, masu cewa "ke wace ce da za ki ja wa Farfesa aji" su ma na gani. Ban yi fushi ba, don ko a gidanmu abin da ake faɗa mini ke nan safe da yamma. Amma yau ku ara mini kunnuwanku, ku ji abin da ya faru tsakanin Laraba da Litinin, sannan kowa ya yanke hukuncinsa.

Ga wadda ba ta san ni ba, ni tela ce. Shekarata ashirin da shida, ina zaune a gidan iyayena da 'yata guda ɗaya tal. Kanari muke ce mata, don tun ba ta iya magana ba take waƙa.

Tana da shekara biyu ruwa ya taru a cikin kanta. Waƙar ta ɗauke, tafiyar da ta fara ta koma rarrafe, ƙwayar idonta ta riƙa nutsewa ƙasa kamar rana za ta faɗi. Ubanta ya dube ta ya ce su a danginsu babu mai babban kai, in je in nemi inda na kwaso. A jaka ɗaya na dawo gida da takardar asibiti da takardar saki.

A asibitin koyarwa na jami'a aka haɗa mu da Farfesa, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gefen kunnensa, ƙafar tabaransa ɗaya kuwa da zare a ɗaure. Ya juya bayan wata takarda ya zana mini kan yaro. Ya ce yadda aka saba, ana sa wa yaro siririyar roba daga kai zuwa ciki don ruwan ya riƙa sauka, ta zauna a jikinsa har girma, in ta toshe a sake yanka, in ta ƙara toshewa a ƙara. Shi kuwa ƙaramin rami yake hudawa, ya zura wani abu mai ido siriri kamar bututun biro, ya buɗe wa ruwan sabuwar hanya a can ciki, ya fito bai bar komai a jikin yaro ba. Shekara tara yana bin yaran da ya yi wa haka, yana neman sanin wane ne hanyar za ta zauna masa a buɗe, wane ne za ta rufe, kuma me uwa za ta lura da shi a gida kafin na'ura ta gani.

"Na'ura sau ɗaya take ganin yaro a wata uku," in ji shi. "Uwa kuwa kullum."

Shi ya sa kowace uwa da ta amince ta sa ɗanta a binciken ake ba ta shuɗin littafi. Ki rubuta barcin yaro, ki rubuta amai, ki rubuta ciwon kai, ki rubuta tafiya. Kanari ita ce ta arba'in da ɗaya.

Abu guda ban manta ba a ranar tiyatar farko. A bakin ƙofar ɗakin ya tsaya ya kwance agogonsa mai baƙar fata ya miƙa wa babbar nas, wadda kowa ke kira Sista. Da ta ga ina kallo sai ta ce, "Kwantar da hankalinki. In kin ga ya cire agogon nan, to ba ya fitowa sai ya gama abin da ya shiga yi."

Wata biyu bayan nan Kanari ta koma waƙa.

Na ɗinka mata wata 'yar hula mai laushi ta rufe wurin da aka aske. Iyayen da ke layi suka gani suka yi ta roƙo, har ya zama duk Larabar da za mu je ganin likita sai na tafi da huluna a leda. Farfesa kan ɗauki ɗaya ya juya cikinta yana duban bakin ɗinkin.

"Maman Kanari, ki zo ki koya wa ɗalibaina aiki."

"Ai naka ma ba laifi, Likita," nakan ce ina shafa tabon da ke kan 'yata. "Dubi yadda ya miƙe, ko tattara babu. Da tela ka zama da ka ci abinci."

Sai ya yi dariya ya ce zai duba shawarar in ya yi ritaya. Ita kuwa Kanari "Shugaba" yake ce mata, don tun a gadon asibiti take ba shi umarni. Zauna nan. Cire gilashi. Yi waƙa. Ya kuwa yi, da wata murya da ko kwaɗo zai ji tausayinsa.

Iyakarmu ke nan shekara biyu. Allah ne shaidata, bai taɓa faɗa mini kalmar da ba zai iya maimaitawa a gaban Sista ba. Na san matarsa ta rasu da daɗewa kuma ba su haihu ba, amma a bakin nas-nas na ji, ba a bakinsa ba.

Sai ga shi mako uku da suka wuce Yaya ya shigo gida da rana tsaka, abin da bai saba ba, ko ƙurar siminti bai kakkaɓe daga rigarsa ba. Wai Farfesa ne ya same shi har shagon kayan gini, ya zauna a kan buhu, ya ce yana neman aurena.

Kafin la'asar labari ya kai wa Gwaggo. Ta iso da ƙatuwar jakarta da mayafi ruwan goro, ta same ni a kan keke ina haɗa wuyan riga.

"Ke, tsayar da ƙarar nan mu ji kanmu! Tsuntsu daga sama gasashshe, kina nan kina taka ƙarfe?"

"Gwaggo, aikin mutane ne, gobe za a karɓa."

"Aikin mutane! Ji ta. Bazawara da 'ya mai lalura, wa kika ga yana layi a ƙofar gidan nan in ba mai karɓar kuɗin wuta ba? Farfesa fa! Mai buɗe kan mutum ya rufe!"

"Ya girme ta da fiye da shekara ashirin," Mama ta faɗa a hankali tana ninke wanki.

"To sai me? Yaron da kuka ba ta a baya me ya tsinana? Wannan ko ba komai likita ya shigo gida. Yarinya ta yi atishawa, ga magani a gefen gado."

Wannan maganar ta Gwaggo ta zauna mini, ba zan ɓoye muku ba. Da yamma wayata ta yi ƙara, saƙo ne daga Farfesa.

"Assalamu alaikum. Na yi magana da yayanki. Ba zan ƙara cewa komai ba sai kin ba ni izini. A gaida Shugaba."

Sau goma sha ɗaya na karanta. Na rubuta "Wa alaikumus salam" na goge. Na rubuta "Za ta ji" na goge. Tunda nan babu wanda ya san fuskata, bari in faɗi abin da ban faɗa wa Mama ba: ina son mutumin nan. Na daɗe ina sonsa. Duk Larabar ganin likita sai na canza mayafi sau biyu, ina ce wa kaina wai zafi ake yi.

Abin da ya riƙe mini hannu shuɗin littafin ne. A satin nan na rubuta ciwon kai da safe sau biyu. Mako na gaba sau uku, da amai sau ɗaya kafin karin kumallo. Sannan abin da babu gurbinsa a littafin, sai a gefen shafi na rubuta shi: ta daina waƙa in ta tashi daga barci. Na ce a raina bari Laraba ta zo ya duba ta, in ya ce lafiya, a ranar zan ba shi amsa. Uwa ba ta zancen aure 'yarta na riƙe da kai.

Ranar Laraba na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, wadda na ɗinka wa kaina ban taɓa sawa ba, na yafa farin mayafi. Kanari na sa mata rawayar riga da hular da ta dace. Muka yi hoton kai tun da safe, muka zauna a dogon bencin nan mai sanyi har aka kira lamba arba'in da ɗaya.

Na tura ƙofa da sallama, murmushina a shirye.

Ba shi ne a kujerar ba.

Ɗalibarsa ce, wata 'yar siririyar likita da na saba gani a bayansa riƙe da fayil. Ba za ta girme ni da shekara biyar ba. Kanari ta leƙa bayan labule, ta leƙa ƙarƙashin tebur.

"Ina likitana?"

Likitar ta ba ta biro da takarda, ta karɓi littafina ta karanta har abin da na rubuta a gefe. Sannan ta juyo da allon kwamfuta ta nuna mini hoton da bakin biro.

"Kin ga nan? Hanyar da aka buɗe ce. Ta fara rufewa. Littafinki ya riga na'ura gani da sati biyu. Dole a sake buɗewa, kuma ba za mu wuce Litinin ba."

Ban ruɗe ba. Tun farko ya gaya mana hakan na iya faruwa. Na gyara zama na ce, "To. Farfesa ya sani?"

Ta dubi Sista. Sista ta dubi ƙasa.

"Farfesa ya cire kansa daga fayil ɗin Kanari," likitar ta ce. "Ya rubuta wa kwamitin da ke sa ido a kan bincike. Ni aka miƙa wa ita. Ni zan yi aikin."

"Ya cire kansa kamar yaya?"

"Ƙa'ida ce. Likita ba ya neman aure a gidan majinyacinsa, balle yaron da ke cikin bincikensa. In yana da wannan niyya sai ya sanar, ya janye hannunsa gaba ɗaya. Ba zai duba ta ba, ba zai buɗe fayil ɗinta ba, ba zai shiga ɗakin tiyatarta ba."

"Yaushe ya rubuta?"

Ta faɗi ranar. Na lissafa da yatsuna a ƙarƙashin mayafi. Kwana ɗaya kafin ya je shagon Yaya.

Masu karatu, kun taɓa jin an zare muku laka kuna zaune? Na bar Kanari a wurin Sista, na tsallaka titin da ya raba asibitin da ɓangaren karatu. Ban san hanya ba, tambaya na riƙa yi har na isa wani babban aji mai benaye. Ta gilashin ƙofa na hango shi riƙe da ƙoƙon kai na roba, ɗalibai sun fi ɗari sun yi tsit. A allon bayansa akwai hoton wani shafi da aka haska. Rubutuna ne. An rufe sunan, amma wa zai kasa gane rubutun hannunsa? Na tsaya a nan har aka tashi.

Ofishinsa ƙarami ne, littattafai har kan kujerar baƙi. A bango an liƙa hotunan yara, wasu da kayan makaranta, da yawa sanye da hulunan da na ɗinka. Ya kwashe littattafan ya ce in zauna. Ban zauna ba.

"Likita, wa ya ba ka izinin ajiye 'yata?"

Ya cire tabarau. "An yi hoton?"

"Hanyar ta rufe. Litinin za a shiga."

Ya dafa tebur ya zauna a hankali kamar tsoho.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Hotonta na wata uku da suka wuce lafiya lau yake, shekara biyu cur. A lissafina wanda ya kai nan da wuya..."

"A lissafinka."

"Maman Kanari, ba zan iya zuwa gidanku ina riƙe da fayil ɗinta ba. Da kin ji nauyin ce mini a'a. Da kin ce to don tsoron kada in juya wa 'yarki baya. Ina so in kin amsa, ya zama ni kika amsa wa, ba wuƙata ba."

"Sai ka tambayi kwamiti, ka tambayi Yaya, ni da na haife ta ka bar ni a ƙarshe? Kai da bakinka ka ce uwa ce ke gani kullum. Da ka ce mini, 'Ga abin da ke raina, amma ga abin da zai jawo,' da na ce maka ka riƙe son ka, ka bar mini likitana. Garin gyaran gira ka tsone mini ido!"

Bai kare kansa ba. Na so ya yi, don in samu abin da zan ci gaba da faɗa.

"To na ce a'a," na ce. "Ka ji amsata. Ba na so. Ɗauki biro ka rubuta musu cewa ta ƙi, su mayar maka da ita."

"Kwamitin sai ƙarshen wata yake zama."

"Ka shiga ba da saninsu ba."

"In na taɓa ta bayan takardar nan, suna da ikon dakatar da binciken duka. Yara sittin da uku, shekara tara. Duk littattafan da iyaye suka cika za a iya cewa ba a yarda da su ba." Ya mayar da tabaransa. "Amma ba wannan ne babban dalilin ba. Kin zo da hoton?"

Na ciro takardar da aka buga mini na miƙa masa. Ya ɗaga ta saitin taga. Shekara biyu ina kallon hannun nan, ban taɓa ganin ya yi ko gezau ba, ko shayi yake zubawa kamar da ma'auni. Ranar nan takardar kaɗawa take yi kamar ganye.

"Kin gani?" ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Shekara ashirin da biyu ina shiga kan 'ya'yan mutane. Wurin da nake aiki bai kai faɗin farcenki ba, kuma jijiyar da ke ƙarƙashinsa in aka taɓa ta shi ke nan. Ina iyawa ne don in na duba, hanya nake gani. Yanzu in na duba wannan, Shugaba nake gani tana ce mini in yi waƙa. Ba don mugunta aka kafa ƙa'idar nan ba."

Na karɓe takardata na fita. Sai da na kai bakin titi kukan ya zo, na tsaya a jikin wata bishiya na yi shi na gama, na goge fuska, don Kanari ba ta son ganin idona ja.

A gida kowa da nasa. Yaya ya ce mutumin kirki ne, ya bi doka, wani da ɓoyewa zai yi. Gwaggo ta ce, "To tunda aikin gama ya gama, ki amsa masa mana, kada a yi biyu babu." Na ce mata, "Gwaggo, kin ce likita zai shigo gida. To ya shigo gida, ya fita daga asibiti." Mama kuwa miƙewa ta yi. Ta ɗauko jakar asibitinmu ta dā daga saman kwaba, ta goge ƙurar, ta fara jera tawul da kofi.

Saƙonsa ya shigo ranar Juma'a da hantsi. "Na yi kuskure da ban fara da ke ba. Ba na neman amsa." Ranar Asabar wani: "Likitar nan ita ce mafi kyawun hannu da na taɓa koyarwa. Ki tambaye ta duk abin da kike so, ba ta ƙarya." Ban amsa ko ɗaya ba.

Lahadi da rana aka ba mu gado. Ƙaramar likitar ta zo da takardar amincewa, ta zauna a gefen katifar.

"Sau nawa kika yi irin wannan?" na tambaye ta.

"Talatin da huɗu."

"Ke kaɗai?"

"Yana tsaye a bayana, hannunsa a naɗe."

"Ba ya cikin ɗakin fa?"

Ta dube ni ido cikin ido. "Ko sau ɗaya."

Da ta yi mini ƙarya da na tattara 'yata na tafi, ko ban san inda za ni ba. Ta ɗaga hular Kanari tana duba tsohon tabon, ta bi shi da ɗan yatsa.

"Na ji kina yabon ɗinkin nan," ta ce. "Ni na yi shi. A lokacin iyakar abin da yake bari in yi ke nan. Kullum kika yaba sai ya zo ya gaya mini, wai tela ta ba ni maki."

Na dubi tabon, na dubi yatsunta. Gajerun farce, babu zobe, babu rawa. Ni na san hannun da ya iya allura. Na karɓi biron na sa hannu.

"Mama," Kanari ta ce tana lumshe ido, "likitana zai zo?"

"Wannan ma likitarki ce."

"Ta iya waƙa?"

"Na fi shi iyawa," likitar ta ce. "Ai kowa ma ya fi shi."

Kanari ta yi 'yar dariya, ta farko a kwana biyar.

Litinin ƙarfe takwas na safe aka tura gadon. Na bi shi har jan layin da ba a tsallakawa, na cire mata hular na dunƙule a hannuna. Ƙofar mai ganye biyu ta rufe.

Da na juyo sai na gan shi. Yana zaune a ƙarshen bencin iyaye, babu farar rigar aiki, wata tsohuwar shuɗiyar taguwa ce a jikinsa da maɓalli ɗaya a karkace. Masu shara suna wucewa suna gaishe shi a ruɗe. Mama da Yaya suna can ɗaya gefen. Na zauna na bar wurin mutum biyu tsakanina da shi.

Mun fi rabin awa muna kallon ƙofar.

"Ashe bencin nan haka yake da sanyi," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Shekara ashirin da biyu ina wuce shi."

"Haka yake. Kuma agogon bangon can baya yake da minti bakwai."

"Yanzu ta huda," ya ce can, idonsa a kan agogon hannunsa. Bayan wani lokaci, "Yanzu ta shiga. Yanzu tana ganin wurin." Leɓensa na motsi, yatsunsa biyu na juyawa a kan gwiwarsa kamar shi ke riƙe da abin. Na so in ce ya yi shiru. Na kasa, don duk kalmar da ya faɗa ita ce kaɗai tagar da nake leƙa 'yata.

"Nan da minti ashirin za su fara rufewa," ya ce.

Minti ashirin suka wuce. Talatin. Ya daina magana. Yatsunsa suka tsaya.

Ƙofar ta buɗe da ƙarfi. Sista ce, takunkumi a fuska, idanunta kaɗai ake gani. Na miƙe, hular ta faɗi daga cinyata. Shekara biyu duk fitowar da matar nan za ta yi ni take fara nema, "Maman Kanari" ne farkon abin da ke fita daga bakinta.

Ba ta dube ni ba.

"Farfesa," ta ce. "Jini ne. Ta tsayar da na farko, ya dawo, ba ta ganin hanya. Ta ce in gaya maka ta san abin da takardar ta ce."

Mama ta fara salati. Shi kuwa yana zaune kamar an dasa shi, hannayensa biyu a buɗe a kan gwiwa, yana kallonsu. Na ga abin da yake gani: yara sittin da uku a bangon ofis, shekara tara, da takardar da ta yi rawa a gaban taga.

Ban san lokacin da na tsallake wurin mutum biyun nan ba. Na durƙusa a gabansa a kan tayil, na kama hannayen da ban taɓa taɓawa ba. Sanyi ƙalau, kuma suna rawa.

"Likita, dube ni. Na ce maka a'a, kuma ban janye ba. Ba 'yarka ba ce. Ba Shugaba ba ce. Lamba arba'in da ɗaya ce, 'yar wata tela da ba ka sani ba. Tashi."

Ya dube ni, kallon da ban san tsawonsa ba. A cikin tafin hannuna na ji rawar tana raguwa, tana raguwa. Ko ta tsaya duka, ko ni ce nake so ta tsaya, wallahi ban sani ba.

Ya miƙe. Ya kwance agogon. Sista ta miƙo hannu yadda ta saba, amma bai ba ta ba. Ya buɗe tafina ya ajiye shi a ciki, ya naɗe yatsuna a kai, ya tsallake jan layin.

Ƙofar ta yi kai-kawo sau biyu ta tsaya. Na zauna a ƙasa inda nake, na janyo hular 'yata na riƙe a hannu ɗaya, agogonsa a ɗaya, fatar da ɗuminsa har yanzu. Ƙarfe goma saura minti huɗu. Na kafa masa ido ina bin ƙaramar allurar, ina maimaita abin da Sista ta gaya mini shekara biyu da suka wuce: in ya cire agogon nan, ba ya fitowa sai ya gama.